Layar Tsinke Biyu

Akwai wani mutum mai suna Abarci, da ya rayu a ƙasar Dakoro tun Nasara ba su zo ba. Rijiya yake tsaro a kan hanyar ayari. Karatun allonsa bai yi nisa ba, amma yana iya rubuta ajami.

Wata shekara wani Buzu, Alhaji Intalla, ya sauka shayar da raƙuma. Ya ba Abarci mafici na takarda mai zanen dutse. Ya ce a Makka ya saya, an ce masa daga Yaban ya fito, wata ƙasa cikin teku gaba da Sin. Ita ce yau muke ce ma Japan.

Daga ranar Abarci bai sake barin baƙo ya wuce ba sai ya tambaye shi Yaban. Abin da ya ji sai ya rubuta, da sunan wanda ya faɗa. A ƙasan kowace takarda kuma ya sa: "Ji na yi, ban gani ba." Shekara goma sha ɗaya yana haka, har gafakarsa ta cika.

Wansa Hamani kuwa ba ya ganinsa sai ya yi tsaki.

"Malam na Yaban! Can za su ba ka hura? Ka sayar da akuya ka sayi takarda, don mutanen da ba su san an haife ka ba!"

Abarci ya ce, "Yaya, so nake in sani, shi ke nan."

Sai annobar shanu ta shigo. Makiyayi ya kwana da garke, ya tashi da igiya. Kowa na neman abin da zai rataya ma dabbarsa.

Ana cikin haka Abarci ya tafi Tagriss yasar rijiya. Hamani ya shigo gidan, ya ce ma Azumi matar Abarci, "Miƙo gafakar nan, shi ya aiko ni." Wan miji ne, ta kasa ɗaga kai, ta miƙa.

Abin da ya yi da gafakar, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ya naɗe takardun ɗaya ɗaya, ya ɗinke cikin fata. Ya bi rugage yana cewa layar annoba ce daga gabas, rubutun hannun Abarci. Kowace laya akuya guda.

Shanu suka ci gaba da mutuwa.

Ranar da Abarci ya dawo, bai ko sha ruwa ba makiyaya suka cika bakin rijiya da sanduna. Babbansu Jimrau ya jefa masa laya a ƙirji.

"Macuci! Shekara nawa muna shan ruwanka muna ce maka mutumin kirki? Garkena ya ƙare da ƙaryarka a wuyan bijimina!"

"Wace ƙarya? Ni ban taɓa rubuta laya ba!"

"Rubutun wa ke ciki, na aljani?"

Sanda ta riga ta tashi sama lokacin da liman Malam Sa'adu ya ratso. Ya ce a ba shi wuƙa. Ya farke layar, ya karanta da ƙarfi:

"Mutanen Yaban da tsinke biyu suke cin shinkafa. Daga bakin Intalla. Ji na yi, ban gani ba."

Ya farke wata.

"An ce sarakansu takobi biyu suke ratayawa. Wani Balarabe ya ce sun daina. Ban san mai gaskiya ba."

Malam ya dubi Jimrau. "Mutumin da ba ya iya rantsuwa a kan cin shinkafa, shi zai rantse maka a kan annoba? Wa ya miƙo muku wannan?"

Azumi ce ta amsa daga bayan zana. "Yaya Hamani ne ya karɓi gafakar a hannuna."

Aka jawo Hamani. Abarci, da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya tsaya gabansa.

"Ka ce aikin banza ne, na yi shiru. Ashe banzar tana da daɗin ci! Shekara goma sha ɗaya, Yaya! Ka ɗinke ta a wuyan mushe, ka haɗa da sunana!"

Hamani ya mayar da awakin mutane. Har ya mutu ba a sake kiransa Hamani ba, sai Tsinke Biyu.

Makiyaya suka kwanto layun da suka rage, Azumi ta zauna tana farke ɗinki. Fiye da rabi sun tafi da mushe, ba su dawo ba.

Abarci ya ɗauki sabuwar takarda, ya rubuta abin da wansa ya yi masa. A ƙasa ya sa: "Wannan kam na gani da idona."

Darasi: Kada ka raina abin da ɗan'uwanka ke bi da zuciya ɗaya don kai ba ka gane ba. Mai rubuta gaskiya, rubutunsa ne shaidarsa ranar da baki ya kasa. Ku tura ma duk wanda ake yi ma dariya saboda littafinsa, ya san ba shi kaɗai ba ne.