Ƙumbar Ruwa da Tsohon Madambaci

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

To ta ƙaraso, mu ji ta.

Wani gari ne a cikin kwari, a bakin kogi. A garin akwai wata yarinya Ladiyo, ita da kakarta Tabawa, su biyu rak. Zana ɗaya ce ta raba su da Gwamma mai sayar da dambu. Gwamma na da rumbu, tana da akuya, tana da tukwane birjik. Amma in ta ji dariya a gidan maƙwabta, ranar tuwo ba ya wuce mata wuya. Ni dai ban taɓa jin mai baƙin ciki irinta ba.

Aikin Ladiyo shi ne ta kankare wa Gwamma tukwane, a bar mata ƙanzon ta kai wa kaka. Da ƙumbar ruwa take kankarewa, abin nan mai ɓawo biyu da ke kwance cikin yashin kogi. A garin ba mai cin ta. Sai a tono ta, a ɓanɓare, a watsa wa kaji tsokar, a riƙe ɓawon.

Ran nan Sarkin Ruwa ya sa aka yi shela: "Nan da kwana bakwai kogi zai cinye kwarin nan. Kowa ya hau tudu da ƙafarsa, jakuna na hatsi ne!"

To, Tabawa ko ƙofar ɗaki ba ta iya kaiwa. Jini ya ƙare mata, idonta ya yi fari fat, gwiwoyi sun ƙi. Ta ce, "Ladiyo, ranar ki bi mutane, ki bar ni."

Ladiyo ta ce, "Kaka, in bar ki in je wa wa?"

Ta tafi kogi tana kuka. Ta tono ƙumba ɗaya za ta ɓanɓare, sai ƙumba ta ce, "Tsaya mana! Ku mutanen garin nan, ku ɗauke kwano ku ba kaji abincin. Ba ku ga yadda zakarunku ke ƙoshi ba?" Sai ta soma waƙa:

"Ladiyo, kar ki dafa,
Ladiyo, kar ki soya,
Turara ni, ƙarfina ya zauna jikina.
Mai buɗe baki, a ci ta,
Mai rufe baki, a bar ta."

Ladiyo ta ɗebi cikin tafi biyu. A juji ta tsinci wani tsohon madambaci mai ɓallin baki, wanda Gwamma ta yar tun bara. Ta ɗora shi kan tukunyar ruwa, ta liƙe gefen da tsumma, ta hura wuta. Tururi ya tashi. Ƙumbobi suka yi ta wangale baki ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Asabe, ga ta nan zaune cikinku, ta wangale nata yanzu. Ke, rufe, ba ke aka turara ba. Guda biyu suka ƙi buɗewa, Ladiyo ta zubar da su. Sauran ta barbaɗa musu gishiri ta ba kaka.

Rana ta farko, Tabawa ta ci, idonta ya yi ja. Rana ta biyu, ta ci, ta tashi zaune. Rana ta uku, ta ci, ta ɗauki taɓarya tana daka, har da tafi.

Gwamma ta ji lugude. Ta leƙa ta ɓular zana, ta ga Tabawa ce ke daka. Ta ce, "Ke Ladiyo! Me kike ba tsohuwar nan?"

Ladiyo ta ce, "Ƙumbar ruwa ce, Gwaggo. Turara ta ake yi. In kin turara, wadda ta..."

Gwamma ta katse ta. "Rufa mini baki! Mai kankarar tukunyata ce za ta koya mini girki? Kuma in sa abin kaji a madambacin sana'ata?"

Rana ta huɗu, Gwamma ta cika tukunya da ruwa, ta dafa ƙumba har ta yi laushi. Ta tsiyaye ruwan a kwatami, ta ci tsokar. Ashe ƙarfin duk ya bi ruwa. Akuyarta ta shanye, ta girgiza, ta ce, "Uwar ɗakina, yau ji nake kamar bijimi!" Ta ja da baya ta tunkuyi Gwamma, sai cikin toka. Daga can kuma Tabawa na daka, tim, tim, tim.

Rana ta biyar, Gwamma ta soya ta da man gyaɗa, ta soya, ta soya, har ta koma kamar ƙirgi. Ta gatsa, haƙori ya fita. Daga can kuma Tabawa na faskare, tana waƙa.

Gwamma ta dafe kunci ta ce, "Wallahi in ban samu ba, su ma sun ci na ƙarshe." Ta ɗauki kwanduna ta tafi kogi da tsakar rana. Ta kwashe ƙumba kaf, manya da ƙanana. Ta jibge su bayan rumbu, a cikin rana, don kada Ladiyo ta gani. Suka wuni suka kwana ba ruwa, suka mutu.

Rana ta shida, ta zura hannu ta zana ta janye tsohon madambacin. Ta ce, "Ai dama nawa ne." Ta turara. Ta jira, ta jira, ko ɗaya ba ta buɗe baki ba. Ta ce, "Au, ku ma na gidan Tabawa ne? Ita ku buɗe mata, ni ku rufe mini?" Ta ɗauko wuƙa ta ɓanɓare su da ƙarfi, ta toshe hanci, ta cinye.

Jama'a, abin da cikin Gwamma ya yi ba zan faɗa ba, wasu ba su daɗe da cin tuwo ba.

Rana ta bakwai, kogi ya taso. Mutane suka kama hanyar tudu da yara da kaya. Gwamma na kwance a tsakar gida, ko yatsa ba ta iya ɗagawa. Ta kira akuya, akuya ta ce, "Ni ba jaka ba ce," ta wuce. Ruwa ya shigo ya taɓa mata diddige. Ta ƙwala ihu.

Sai zana ta faɗi rim. Ga Tabawa tsaye, ta ci ɗamara. Ladiyo ta kama ta ɗora mata Gwamma a baya, suka ɗaure ta da zane kamar jaririya. Tsohuwa ta kama hawa, Ladiyo na biye da madambaci a ka. Gari duk ya tsaya kallo.

Suna tsakiyar hawa, Gwamma ta buɗe ido ɗaya. Kun zaci godiya za ta yi? Cewa ta yi, "Iya, wai ke ko haki ba kya yi?"

Tabawa ta gyara goyo ta ce, "Riƙe ni da kyau, 'yar nan. In kogi ya kawo wasu ƙumbobin, Ladiyo za ta turara miki. Amma wannan karon ki bari ta kai ƙarshen maganarta."

Kun ji. Wanda ƙoshin maƙwabci ke hana shi barci, da hannunsa zai ɗebo abin da zai kwantar da shi.

Ƙurunƙus. Tatsuniya ta rufe bakinta, ku ma a bar ta haka.