Mai Awara Da Ya Ƙi Zama

Akwai wata tsohuwa mai suna Kinuyo a wani ƙaramin gari da ke bakin teku a Japan. Mijinta Genzo mai sana'ar awara ne tun yana saurayi.

Da tsufa ya kama shi sai mantuwa ta shigo. Ya fara da barin tukunya a kan wuta, har ya kai yana kallon Kinuyo ya tambaye ta ko ta ga matarsa. Ta yi ta fama ita kaɗai har ƙarfinta ya ƙare, sannan ta kai shi gidan kula da masu gigin tsufa, tana kuka tana ba shi haƙuri.

Wata safiya aka kira ta. Genzo ya sulale ta ƙofar baya, ya faɗi a bakin titi, goshinsa ya fashe.

Ta iso tana haki. Shugabar gidan, Malama Horiuchi, ta rusuna mata sosai.

"Inna, laifinmu ne. Ƙararrawar ƙofar ta lalace ba mu duba ba. Mun gyara, mun kuma sanar da hukuma da kanmu."

"Ina ruwana da hukuma, 'yar nan? Ku ɗaure min shi a kujera! Gara in same shi a ɗaure da in sami gawarsa."

"Ba za mu ɗaure shi ba, Inna. Ƙa'ida ta hana, ko ba ta hana ba ma zuciyata ba za ta iya ba. Ki ɗan yi mana haƙuri mu gano inda yake son zuwa."

Kinuyo ta fita a fusace. Ta je ta duba wani gidan da aka yaba mata, wai can ba mai faɗuwa. Gaskiya ne kuwa. Ta ga tsofaffi jere, kowa da ɗamara a ƙugu, kai a langaɓe saboda maganin barci. Wani yana ta jan ɗamararsa yana kiran uwarsa a hankali, babu wanda ya waiwaye shi.

Ba ta kai ƙarshen zauren ba ta juyo, ta koma wajen Malama Horiuchi.

Malamar ta zuba mata shayi, ta ce, "Kullum da safe mijinki cewa yake mutane na jiransa. Su wa ke nan?"

Kinuyo ta dafe ƙirji. "Masu sayen awara! Wannan mutumin ko ranar da na haihu sai da ya gama rabon awara ya zo asibiti."

Nan da nan aka shiga aiki. Aka daidaita hanyar da ta zagaye lambun gidan, aka kafa ƙarfen riƙewa a gefenta, aka saya masa takalmin da ba ya santsi. Aka ba shi faranti mara nauyi da awara a kai, ma'aikaciya ɗaya tana biye da shi.

Ranar farko Genzo ya ɗanɗana, ya ture farantin.

"Wannan awara ce ko soso? So kuke ku zubar min da mutunci?"

Dariya ta ƙwace wa Kinuyo, rabonta da yi har ta manta. Daga ranar ita take jiƙa waken soya a gida, ta haɗa kaɗan yadda ya koya mata, ta hau bas ta kawo. Wata rana ya karɓa, wata rana ya kore ta ya ce ɓarauniya ce. Takan zauna a bencin lambu ta share hawaye, gobe ta dawo.

A hankali ya daina laluben ƙofa. Yakan zagaye lambun, ya raba wa sauran tsofaffi awara a teburinsu, yana yi musu faɗan jinkirin karɓa. Cin abincinsa ya dawo, barcinsa ya gyaru.

Rannan ya tsaya gaban bencin, ya ƙura wa Kinuyo ido.

"'Yammata, kullum ina ganinki a nan. Kina da miji?"

"Ina da shi. Wani tsoho ne mai taurin kai."

"Yana kula da ke?"

"Lokacin da yake da ƙarfinsa bai taɓa barina na ɗauki kaya ba."

Genzo ya taɓe baki. "Duk da haka rabu da shi. Ni ina da sana'a, kuma na ga kina da hankali."

Ya zaɓi gutsure mafi kyau ya miƙa mata. Kinuyo ta karɓa da hannu biyu.

"To, na amince," in ji ta.

Ya zauna kusa da ita, ya riƙe hannunta, har ma'aikaciyar ta zo ta ce shayi ya yi.

Darasi: Tsare tsoho daga haɗari ba ɗaure shi ba ne. Wurin kulawa nagari shi ne wanda ke gyara ƙofarsa, ya amsa laifinsa, ya kuma nemi sanin wane ne wannan mutumin kafin mantuwa ta same shi. Kafin ku miƙa naku ga kowa, ku shiga ku duba da idonku. Ku tura wa duk wanda ke jinyar tsoho, ko zai sami ƙarfin zuciya.