Kifin Ruwa Ko Na Sama

Dalilin da ya sa mutanen Tudun Marke ba sa sayen kifi sai sun tambaya, "Na ruwa ne ko na sama?" shi zan ba ku labari yau, yara. Ku matso.

A da can, garin ba shi da kogi. Kifin da suke ci duk wani masunci ne mai suna Bagudu ke kawo shi ranar kasuwa daga wani tafki mai nisa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Wata rana da azahar, farkon damina, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Da ruwa ya sauko sai aka ji wani abu na faɗowa a kan jinka, tim, tim. Aka leƙo, sai ga tarwaɗa da karfasa suna tsalle a tsakar gida. Wasu suka ce abincin aljanu ne ya zube. Wasu suka ce wani ne ya yi wa garin asiri. Maigari ya hana kowa ci, ya sa dogarinsa Jatau ya kwashe ya binne a bayan gari.

Da kasuwa ta zagayo, Bagudu ya zo da bandar kifi himili guda, irin wanda bai taɓa kawowa ba, ga araha. Mutane suka saya. Wata tsohuwa, Iya Kande, tana gyara nata sai ta ciro tsinken shuci daga kunnen kifin. Ta koma kasuwa da shi a hannu.

"Bagudu, kifin tafkinku hawa jinka yake yi?"

"Iya, wallahi daga ruwa na kamo shi. Guguwa ce ta bi ta kan tafkin, ta ɗebi ruwa da kifi ta yi sama, da idona na gani. Wanda ta bari a taɓo shi na tsince."

"To, shucin fa?"

"Da shi na hura wutar banda."

Aka kai magana gaban maigari. Ya ce a tone ramin. Aka tone, ba ko ƙaya.

"Ranka ya daɗe, kuraye ne," in ji Jatau.

"Kurayen ne suka mai da ƙasa suka daddale?" Iya Kande ta tambaya.

Jatau ya dubi Bagudu, Bagudu ya dubi ƙasa. Samari suka ce a kori Bagudu daga kasuwa. Amma in an kore shi wa zai kawo kifi? Waɗanda suka riga suka ci kuwa ba abin da ya same su, sai dai maƙwabta sun daina cin tuwo da su a kwano ɗaya, ana jira a ga ko za su canja.

Maigari ya rasa wanda zai kama. Ya ce, "Bagudu, ka ci gaba da zuwa. Amma duk mai saye zai tambaye ka a gaban jama'a, kai kuma ka amsa, nauyin yana wuyanka."

Bagudu ya yarda. Har ya mutu yana amsawa, kuma har ya mutu ba a san inda kifin ramin ya shiga ba.

Shi ya sa har yau a Tudun Marke mai saye yake tambaya, mai kifi ya ce, "Na ruwa ne." Mai saye ya gyaɗa kai, sannan ya buɗe kunnen kifin ya leƙa.