Ledar da Haladu Ya Kwance

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don kada wani a cikinku ya ce da kawunsa nake. Sunansa Haladu, sana'arsa ƙona gawayi. Ku matso, jama'a, ku saurara. Kuma tun yanzu nake gaya muku, wanda ya zo jin labarin da ke ƙarewa da sabon gida da kujerar Makka ya yi ɓatan kai. Wannan ba shi ba ne.

Tun yana saurayi Haladu yake shiga daji da gatari. Ya sare ƙirya da marke, ya jera a rami, ya rufe da ciyawa da ƙasa, ya sa wuta, ya zauna gadi yana shaƙar hayaƙi har itace ya koma gawayi. Shekara da shekaru yana haka. Dajin da a da ake tsoron shiga ya zama fili fetal, kana tsaye a bakin gari kana hango mai tahowa daga ƙauyen gaba. Yadda dajin ya ƙare, haka ƙirjin Haladu ya ƙare. Tari ya kama shi, irin wanda in ya taso sai mutum ya dafa bango. Da matarsa Ladidi ta matsa masa ya je asibiti, likita ya auna shi ya ce, "Baba, ba ni da maganin da ya wuce ka rabu da hayaƙi. In ka koma ramin nan, ba za ka daɗe ba."

To ya rabu da hayaƙi ya ci me? Ku da kuke gyaɗa kai, ku gaya mini. 'Yar gonarsa ba ta kai su ko tsakiyar rani.

Ana nan sai wata ƙungiya ta zo garin, ta ce za ta koya wa mutane sana'o'in da ba sa cin daji. Samari aka koya musu haɗa wutar sola, mata aka koya musu gina murhu mai tsimin itace, wasu kuma aka kai su lambun reno su koyi aurar da mangwaro. Aka yi shela cewa duk wanda hannunsa ya faɗa za a ɗauke shi aiki a lambun da albashi, dashen kuma a raba wa manoma. Haladu ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Ya rataye gatarinsa a zaure, ya ce wa Ladidi, "In Allah ya yarda, ni da shi har abada."

Ya shiga cikin masu koyon aurar da mangwaro. Mai koyarwar wata mata ce, Malama Sa'ade. Ta nuna musu yadda ake yi. A samo ɗan mangwaron gida da aka rena daga ƙwallo, shi ake kira uwa, a datse kansa, a tsaga. A yanko ɗan reshe daga mangwaro mai zaƙi, a fiƙe shi, a cusa a tsagar, a naɗe da leda tam. In ya kama, bishiyar za ta haifi irin 'ya'yan reshen nan mai zaƙi. Sannan ta ja musu kunne, ta ce, "In reshen ya mutu, uwar ba ta mutuwa. Za ta yi toho daga ƙasan ɗaurin, kore shar, har ya fi na auren kyau. Kada ya ruɗe ku. Manomi ba zai gane ba sai bayan shekaru, ranar da bishiya ta haifa masa tsami da ƙwallo da zare. Duk wanda bai kama ba, ku kwance ledar ku ware shi gefe."

Ku riƙe maganar nan, jama'a, don a kanta labarin yake.

Kada ku ɗauka zan ce muku Haladu gwani ne. Ina! Hannun da ya saba da gatari aka danƙa wa reza. In ya zo fiƙe reshe sai tari ya taso, hannu ya goce. Kullum shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi, amma da lokacin dubawa ya yi, sai ya ga yawancin nasa sun bushe. 'Yan ƙalilan ne suka kama, ba su cika yatsun hannu ba. Sauran duk tohon uwa ne, kore shar, kamar suna yi masa dariya.

Sai kuma wa'adin Malama Sa'ade ya cika, aka tura ta wani gari. Aka ce manya ne za su zo daga birni su zaɓi ma'aikata. Ana gobe za su zo, maƙwabcinsa Sallau, wanda layinsa ke kusa da nasa, ya same shi zaune ya yi tagumi.

"Haladu, tunanin me kake yi? Kana tsammani namu duk sun kama ne? Duba nan."

Sallau ya tsinke busasshen reshe, ya zame ledar ƙasa, ya naɗe ta a gindin tohon uwa. Wallahi in ba wanda ya sani ba, sai ya rantse aure ne ya kama.

Haladu ya ce, "Ai wannan tohon uwa ne, Sallau."

"Ni da kai muka sani. Mutanen birni leda suke dubawa da ganye. Kafin bishiyar nan ta haihu, wa ya san wanda zai kai? Kowa haka ya yi. Kai kaɗai ne za ka shiga aljanna?"

Da ya koma gida ya gaya wa Ladidi, sai ta ajiye muciya ta dube shi. Kada ku zage ta, jama'a. Ita ce take kwana tana jin tarin.

Ta ce, "Malam, ba kayan kowa za ka ɗauka ba. Leda ce fa kawai."

Ya ce, "Ladidi, wanda zai karɓi dashen nan talaka ne irina. Zai yi shekaru yana ɗauko ruwa a ka, yana korar awaki, yana ce wa 'ya'yansa su yi haƙuri. Ni na cinye musu dajin jiya da hannuna. In kuma cuce su a na gobe?"

Ta ce, "To mu fa? In ka koma ramin nan ka san abin da likita ya ce. Mu wa za ka bar wa?"



Da safe ya riga kowa zuwa lambun. Ba zan ɓoye muku ba, ya gwada. Ya durƙusa, ya tsinke busasshen reshe guda, ya zame ledar, ya naɗe. Ya ja da baya ya duba, ya ga ta yi kyau. Ya tuna albashi, ya tuna hayaƙi, ya ji yana son ransa kamar yadda kowannenku yake son nasa. Ya daɗe a durƙushe, hawaye na zuba. Sannan ya ce, "Allah, kana gani na," ya sa hannu ya kwance. Ya bi layin nan ɗaya bayan ɗaya yana kwancewa yana warewa gefe, har ledar ta taru a gabansa tuli.

Manya suka iso da mota. Suka bi layi-layi suna yaba wa mutane. Da suka zo na Haladu, babbansu ya tsaya ya ce, "Baba, kai ina naka?"

"Ga su nan, ranka ya daɗe. Su kaɗai suka kama."

"Waɗancan kore-koren fa?"

"Tohon uwa ne. Ranka ya daɗe, don Allah kafin a raba wa manoma, a duba duk wanda ledarsa ta yi ƙasa."

Bai kama sunan kowa ba. Sai wani daga baya ya ce, "Yallaɓai, baƙin ciki ne. Ya kasa, yana so kowa ya kasa." Aka bushe da dariya. Babban ya duba agogo, yana da wani garin a gaba. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a wani karon, Baba. 'Yan nakan ma ka riƙe abinka." Aka ɗauki Sallau da sauran, aka bar Haladu.

Ku saurara, don nan ne wurin ɗaci. Bai tsira da rasa aikin kaɗai ba. Mutanen da ya yi zaman koyo da su suka daina amsa gaisuwarsa, aka sa masa suna Mai-gaskiya, ana faɗa ana taɓe baki. Ya ɗauko 'yan dashensa ya dasa a bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke bi, ya kewaye da ƙaya. Ya nemi dako, ƙirji ya hana. Ya nemi gadi, aka ce an ba wani. Da hatsi ya ƙare a rumbu, wata safiya Ladidi ta fito ta tarar babu gatari a zaure. Ta zauna a wurin ta yi kuka mai isarta.

Mutumin da ya so ya ƙare rayuwarsa yana dashe, ya koma yana tono kututture yana ƙonawa, don itacen ma babu. Bai ga damina ta biyu ba. A bakin ramin aka same shi, aka ɗauko shi a amalanke. Waɗanda suka yi masa salla ba su cika sahu biyu ba.

Shekaru suka wuce, bishiyoyin da aka raba suka haihu. Manomi ya tsinko, ya gatsa, ya tofar. Gona bayan gona, tsami da ƙwallo da zare. Na kirkin da ke ciki ma ba wanda ya tsaya tantancewa. Mutane suka ce ashe aikin dashen nan duk yaudara ce, suka sa gatari suka mai da su gawayi. Lambun reno ya mutu, Sallau da abokansa suka koma zaman kashe wando. Har yau in baƙo ya je garin da maganar koyar da sana'a, sai a ce masa, "Mun gani a mangwaro."

A bayan gidan Haladu kuwa, bishiyoyin da Ladidi ta ci gaba da ba ruwa suka haifi mangwaro manya, masu zaƙi, babu zare. Ranar da ta tsinko na fari, aka ce ta yanka ta kai baki, ta kasa haɗiyewa. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Haladu ya dafa, amma bai sha ba a nan duniya. Abin da Allah ya tanadar masa a can, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma muna kyautata zato.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Gaskiyar da mutum yake yi don ya san za ta biya shi gobe, wannan ciniki ne. Amana ita ce aikin da ka gyara alhali ka san ba mai ganewa sai bayan ka bar wurin, ko bayan ka bar duniya. Kuma algus ba ya tsayawa a kan wanda ka cuta. Sallau ya ɗauka manomi ɗaya ya yaudara, ashe gari guda ya hana yarda da alheri.

Kowannenmu yana da ledarsa. Kai da aka koya maka haɗa sola, kana sa siririyar waya a cikin rufi inda mai gida ba zai leƙa ba, da kai nake. Kai magini mai rage siminti ka shafe da fenti, da kai nake. Kai malamin da kake sallamar yaro ka ce ya iya alhali bai iya ba, da kai nake. Ni ma da nake zaune a nan ban cire kaina ba. Ba zan yi muku alkawarin in kun kwance za ku yi arziki ba, kun ji yadda Haladu ya ƙare. Amma akwai ranar da za a kwance kowace leda a gaban kowa, kuma ranar ba mai agogon da zai yi sauri ya wuce. Gara ka kwance da hannunka tun yau.

Allah ya jiƙan Haladu, ya sa ya huta. Mu kuma Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar da za mu ce "bai kama ba" a ranar da bai kama ba. Ku ce amin.