Turaren Juma'a a Kan Dutsen Haske

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari shekarun baya, sunansa Malam Ilu. Ku matso ku ji, ku samari, don ni uba ne kuma tsoron da nake yi muku ya sa nake ba da labarin nan.

Malam Ilu yana aiki a wata ma'aikata da ke haɗa na'urar hasken leza. A cikin na'urar akwai wani ɗan dutse garai-garai kamar ƙanƙara. Haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani zai shiga ta nan, ya fito ta can kore shar. Ikon Allah, jama'a! Idan aka haska shi a farin kati, ya kamata ya tsaya a dunƙule kamar ƙwandala. Aikin Malam Ilu shi ne goge dutsen, kuma dokar ɗakin ita ce a wanke hannu da sabulu kafin a sa safar hannu.

Wata Juma'a, a ƙofar masallaci, wani dattijo ya shafa masa turare a hannu, irin mai maiƙon nan. Wa ke ƙin turaren Juma'a? Ya murza, ya koma aiki a gurguje, ya ɗauki safa da yatsun nan ba wanki, ya goge dutse.

Ran Litinin abokiyar aikinsa Rakiya, wadda ita ke ciyar da 'ya'yanta, ta ɗaura dutsen a na'urar. Injiniya Gambo, shugabansu, ya kunna. Haske ya baje a kan kati kamar fasasshen ƙwai. Aka ciro dutse, sai ga tabon ƙuna a fuskarsa, dutsen ya tashi daga aiki.

Injiniya ya ce, "Rakiya, da hannun tuƙa tuwo kika ɗaura shi?"

Ta ce, "Yallaɓai, wallahi yadda na saba na yi."

"To ki saba da gida. Gobe kada ki zo."

Ku saurara, nan ne wurin. Ba wanda ya ga Malam Ilu. Ba wanda ya tambaye shi. Shi ma yana da iyali. Amma ya san maiƙo kaɗan ya isa haske mai ƙarfi ya ƙona dutse, kuma ya tuna Juma'ar nan sarai. Sai ya miƙe.

Ya ce, "Yallaɓai, a bar baiwar Allahn nan. Ni ne. Turare aka shafa mini a masallaci, ban wanke hannu ba."

Injiniya ya dube shi. "Malam Ilu, ka san abin da kake jawo wa kanka?"

"Na sani. Amma idan ta tafi, da wane baki zan ci abincin gidana?"

Kuna jira in ce an yi masa kyauta ko? Ba a yi ba. An cire shi daga ɗakin, aka mai da shi sito yana jera kwalaye, kuma a can ya ƙare aikinsa. Rakiya kuwa ta zauna a kan nata, 'ya'yanta suka ci gaba da karatu. Duk sanda ta wuce ta sito sai ta ce, "Baba Ilu mai ƙamshi, ina gajiya?" Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Wuce, 'yar nan, kada ki ɗauki ƙamshin."

To ga darasin, ba ɓoye-ɓoye: gaskiya tana da tsada, kuma mumini yana biya ko da ba a mayar masa ba. Ku da za ku tafi makarantu da ma'aikatu inda idonmu ba ya kaiwa, wata rana laifinku zai faɗa kan wani, kuma shirunku kaɗai zai ishe ku tsira. Ranar nan nake ji muku. Ku miƙe, ku ce ni ne. Allah Ya ba mu ikon faɗa.