Bel Ɗin Lawandi

Akwai wanda ya jawo wa yaron nan asarar idonsa. Ba zan kama suna ba, amma yana jina. Ku dai ku saurara, kada wanda ya katse ni.

A makarantar je-ka-ka-dawo ta garinmu, an saba ɗan ajin ƙarshe ya zare bel ya zane ɗan aji ɗaya in ya makara. Shekara da shekaru ana yi. Wata Litinin, saura wata biyu a yi jarrabawar fita, Lawandi monita ya kai wa Nafi'u, wani ɗan aji ɗaya, bel a bakin ƙofar makaranta, ƙarfen ya juyo ya same shi a idon hagu. Kafin azahar shugaban makaranta ya rubuta takardar kora. Kafin la'asar Barau mahauci, uban Nafi'u, ya rantse sai an rama, ya tura manyan 'ya'yansa su tsare hanyar gidan su Lawandi. Mutum uku suka hana abin ya lalace.

Ta farko Malama Kuluwa, mai koyar da Hausa. Ita aka ba takardar ta kai, don unguwarsu ɗaya da Lawandi. Ta jefa ta a jaka, ta koma ofis ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni kwana bakwai in zaunar da su. In na kasa, ka rubuta tawa ka haɗa." Ya yarda da ƙyar. Ita ta tsara zaman: tabarmi a gindin bishiyar maina, kowa na kallon kowa, bel ɗin a tsakiya, ba mai magana sai wanda ke riƙe da shi.

Na biyu Baba Ɗanjuma maigadi. Barau ya ce shi ba zai zauna tabarma ɗaya da wanda ya nakasa masa ɗa ba. Tsohon ya je ya tare a benci kusa da teburin namansa, kwana huɗu. Barau ya gaji ya ce, "Baba, nama kake so ko rigima?" Ya ce, "Ni da ba haƙori? Kai nake so. A ƙofata aka yi, ina kallo. Shekara biyar baya, a nan aka zane Lawandi har ya jiƙa wando, na kau da kai. In ramuwa ce, fara da ni." Barau ya goge wuƙarsa, ya ce zai zo.

Na uku Nafi'u da kansa. Da bel ya zo hannun Lawandi, cewa kawai ya yi, "Ban yi niyya ba." Barau ya fizge bel ɗin ya fara naɗe shi a hannu, kowa ya sha jinin jikinsa. Sai yaron, da bandeji a ido, ya miƙa hannu ya ce, "Baba, ba ni, layina ne." Ya dubi Lawandi ya ce, "Ka yi niyyar dukana mana, idon ne ba ka nufa ba. Ka tsaya a asambuli ka faɗi haka da bakinka. Kuma ni ba na son a kore ka. Ba na ganin allo yanzu. Kullum aka tashi, ka zauna ka kwafa mini darasi."

Haka aka yi. Lawandi ya faɗa a gaban makaranta duka, ya kwafi darasi har ranar da ya fita, ya kuma rubuta jarrabawarsa. Tun daga lokacin ba a ƙara zare bel a ƙofar nan ba. Amma kada ku yi mini tafi. Idon bai dawo ba. Yaron da ba shi da buri sai shiga soja, yau yana gefen teburin ubansa yana sara ƙashi. Zaman da aka yi bayan an fasa ido, me ya hana a yi shi shekara goma kafin nan?

Abin da ya hana shi ne mutumin da na ce yana jina: duk uban da ɗansa ya dawo da shatar bel a baya, ya yi dariya ya ce, "Mu ma haka aka yi mana." Ni ma na faɗa, Allah Ya yafe mini.

Yanzu iyayen yara sun ce a danƙa bel ɗin a hannun mutum ɗaya, ya zama shi ke kiran zama duk ran da wani ya cuci wani. Da Malama ba ta riƙe takardar ba, da babu zaman. Da Baba bai tona kansa ba, da Barau bai zo ba. Da Nafi'u bai miƙa hannu ba, da an tashi da jini.

To, wane ne a cikinsu ya fi cancanta ya riƙe bel ɗin? Kuma wane ne a cikinku zai miƙe ya ce ƙarya na yi masa?