Hoton da Bai Yi Kama da Kaka ba

'Yan uwa, kwana da kwanaki ke nan abin nan yana cin raina, ko abinci ba ya shiga yadda ya kamata. Gara in amayar muku da shi.

Akwai wani saurayi, ba zan ɓoye muku ba, autana ne. Tun da yayansa ya saya masa waya mai kyamara, ba wanda ya huta a gidan. Ko tsintsiya ka ɗauka sai ka ji ƙyas!

Matsalarsa ɗaya, goge fuska. Zai zauna ya murje hoton mutum har ya koma sumul kamar ƙwai, sannan ya ɗora a shafinsa. Abokai su yi ta zuba masa kirari: "Gwani na gwanaye!" Kansa ya kumbura.

Wata rana ya ɗauki hoton Kaka, mahaifin babansa, a kan kujerarsa ta bakin ƙofa. Ya share tamojin goshi, ya rage furfura, har giɓin haƙorinsa ya cike, ya ɗora a shafinsa. Goggonsa ta rubuta a ƙasa: "Auta, hasken ya yi kyau, hannunka ma ba ya rawa. Amma wannan ba Babana ba ne. Ka bar masa fuskarsa."

Auta ya tashi kamar zai ci babu. "Umma, kin ga Goggo? A gaban mutane! Ita da ke ɗaukar hoto da yatsa a kan kyamara?" Ya goge maganarta, ya toshe ta.

Shi kuwa Kaka, mantuwa ta fara kama shi. Wata safiya ya fita, har la'asar shiru. Hankalin kowa ya tashi. Hoton da ke hannu na Auta ne, shi aka watsa ko'ina.

Baban Auta ya tsaya wurin wani mai gyaran keke, ya nuna masa wayar. Mutumin ya girgiza kai. Har Baban Auta ya juya zai tafi, sai mai gyaran ya ce, "Amma akwai wani tsoho a bayan rumfata tun hantsi, ya kasa faɗin gidansu. Ko mahaifin wannan na hoton ne?"

Kaka ne, leɓensa ya bushe don ƙishi. Ashe makanikan layin duk sun ga hoton a wayoyinsu, kuma sun yi ta wuce shi.

Alhamdulillahi, Kaka yana gida. Amma Auta har yau bai buɗe Goggo ba, kunya da girman kai sun haɗe masa. Jiya ya miƙo mini wani sabon hoto, ya ce a hankali, "Umma, ya kika gani?" Hoton ya karkace, kan yayansa ma a yanke. Na ce masa sai anjima.

Darasi: Mai yabonka kullum ba shi ke ƙaunarka ba. Wanda ya ce gyara kayanka bai ce sauke mu raba ba. Ku tura wa masu ɗora hoto da masu tafa musu.

Ni dai ku ba ni shawara. In faɗa masa gaskiya ya toshe ni kamar Goggo, ko in ce ya yi kyau? Ya zan yi?